Ranar da Aka Soke Sunana a Takardar Gidaje

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta da ranar da aka soke sunana daga takardar rabon gidaje a Wurno ba. Zamanin Turawa ne, mijina bai cika shekara da rasuwa ba. Ya bar ni da yara biyu da ɗan gida a bakin fadama, inda yake noman albasa. A daminar nan gulbi ya yi ambaliya ya kwashe unguwarmu kusan duka, muka koma zaman rumfunan zana a kan tudu.

Da ruwa ya janye, hukuma ta ce za ta gina ƙananan gidaje ta raba wa waɗanda abin ya shafa. Wani malami ya zo da takarda yana bin rumfuna, ya rubuta ni. Wata biyu na yi ina kallon magina suna ɗora tubali, ina zaɓen gida a zuciyata. Ranar rabo aka tara mu ƙofar hakimi, aka karanta sunaye har ƙarshe, ban ji nawa ba.

Wan mijina ya matsa ya tambaya. Malamin bai ko ɗago kai ba ya ce, "An soke ta. Gidajen ga na mutanen Wurno na, ita ko daga Goronyo anka kawo ta. Kuma babu maigida bisa kanta. Ta koma ga iyayenta."

Iyayen nawa kuwa sun daɗe da rasuwa. Gardama ta kaure. Wan mijina yana cewa ai malamin da hannunsa ya rubuta ni, malamin kuwa yana cewa ƙa'ida ce, ba shi ya kafa ta ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne muryoyin maƙwabta, waɗanda muka sha wuyar ruwa tare, suna cewa in aka ba baƙi, 'yan gari ba za su samu ba. Yau na gane tsoro ne ya sa su, amma a ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai surukata ta dafa sanda ta miƙe. Tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, kuma shekara tara muna tare maganarmu ba ta cika wuce gaisuwa ba. Ni na ɗauka ba ta sona. Ta ratsa maza har gaban hakimi.

"Ranka shi daɗe, ina da magana."

"Faɗi, Inna," in ji shi.

"Yarinyar ga ita ta yi jinyar ɗana har ya cika. Ran da ruwa ya taho, ni ta fara goyawa ta hidda, ko da ta koma ɗaukar kayanta ba ta ishe komi ba. Kun ce baƙuwa ta. To ni mi ni ke? Daga Rabah anka kawo ni aure. In kora za a yi, a kore mu tare."

Kowane namiji a nan ya san garin da aka ɗauko uwarsa. Hakimi ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya tambayi malamin, "Ɗiyanta fa, ina anka haife su?"

"Nan Wurno, ranka shi daɗe."

"To rubuta sunan namijin, uwarshi ta riƙa mishi."

Haka ɗana mai shekara shida ya zama maigida a takarda. Sunana dai bai koma ba, amma gida ya samu.

Na durƙusa gaban surukata ina kuka. Ta laluba ta kama kafaɗata ta ce, "Tashi, ɗiyata, mutane na kallo. Kama min hannu mu tahi." Ranar ta fara kirana ɗiyarta. Bayan mun tare ta ce a kai mata tabarmarta gidana, kuma a nan ta zauna har Allah Ya karɓi ranta.

Abin da ranar ta koya mini shi ne kada in auna ƙaunar mutum da yawan maganarsa. Akwai mai kallonka shiru shekara da shekaru yana riƙe da alherinka a zuci, ba za ka sani ba sai ranar da kowa ya juya maka baya.