Ranar da Maigidana Ya Shiga Rumbun Wuta

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi ranar da ba zan manta ba, ranar rumbun wuta zan faɗa.

Shekarar fari ce, zamanin soja. Gero ya ƙone a tsaye, rijiyoyi suka ƙafe, sai aka kafa wani aiki a bayan Tasawa, ana ƙona dutse a yi simintin gina rijiyoyi, lada kuwa dawar taimako. Maigidana ya samu shiga. Tanderun dogo ne a tsaye, a zuba dutse da gawayi ta sama, a kwashe ƙonanne ta ƙasa. Mutanenmu suka raɗa masa rumbun wuta, don ya yi kama da rumbu ƙwarai.

Rannan na kai masa fura, na tarar an yi cirko-cirko. Dutse ya cushe a ciki ya ƙi sauka, shugaban aikin ya shiga gari, ga labarin kumandan, sojan da ke mulkin yankin, na tafe, kuma kowa ya san in ya tarar aiki ya tsaya, sallamar mutane zai yi. Maigidana, gwanin shiga rumbu kuma sarkin taurin kai, har ya ɗaura igiya a ƙugu. Wai wuta ta daɗe da mutuwa, rumbu kuwa ta baki ake shigarsa.

Na ce, "Malam, don Allah ka bari. Ba hatsi ke ciki ba."

Ya ce, "In aka kore mu, mi yara za su ci?"

Ya sauka da sanda don zungure dutsen, muna jin bugun sandarsa, sai shiru. Ƙanensa da ke cikin masu riƙe da igiya ya kwaɗa kira, ba amsa. Ashe ko wuta ta mutu, wata iska marar wari takan kwanta a ciki, mai ɗauke numfashi. Ban san sa'ad da na yar da ƙwarya na hau tsani na kama igiya cikin maza ba. Muka jawo shi kamar guga, kai a langaɓe, ido a kafe. Ana yayyafa ruwa, ina fifita da gyalena, ina salati, ina tunanin inda zan nufa da marayu cikin wannan yunwa. Sai da na fid da rai sannan ya yi tari.

Ya rayu, taurin kan ma yana nan. Amma tun ranar bai sake iya leƙa bakin rumbu ba, jiri ke ɗibarsa. A garinmu mace ba ta shiga rumbu, ni kuwa shekara da shekaru ni ke shiga namu, da sassafe kafin maƙwabta su fito, yana riƙe mini tsani. A rumbun wuta na koyi kama da wane ba ta wane, kuma tsoron yunwa kan tura mutum cikin abin da ya fi yunwa.