Ranar da Wayar Ɗaya-Biyu Ba Ta Lalace Ba

Yayana ba mai kiransa da sunansa. Ɗaya-Biyu ake ce masa, don kafin kowane taro sai ya kama makirfo yana "ɗaya, biyu, ɗaya, biyu" har kan mutane ya yi ciwo. Shekara ashirin da shida yana haɗa lasifika a taron makaranta, taron 'yan kasuwa da na kamfen. Ɗakinsa kuwa ba a magana. Waya a ƙarƙashin gado, waya a bayan ƙofa, matarsa ta yi mita har ta gaji ta zuba masa ido. Abin alfaharinsa ɗaya ne: kowace lasifika da layinta, in ɗaya ta mutu sauran ba ruwansu.

Yana da wata dabara da mu 'yan gida muka sani. In ɗan siyasa ya hau dandamali ya bar zancen ruwa da hanya ya koma zagin wasu mutane, sai yayana ya sa yatsa a kan teburinsa ya ja sautin ƙasa gaba ɗaya. Sannan ya miƙe yana bubbuga na'ura, yana cewa, "Kai, wannan waya!" Kafin ta gyaru mai maganar ya huce. 'Yarsa Auta tun tana ƙarama take zama gefensa tana toshe baki kada dariya ta tona shi.

Auta ta girma ta auri wani tela a tsallaken gada. A shekarar zaɓe kuma mutanen tsallaken ne wani ɗan takara da ake ce wa Onarabul ya sa wa ido, wai su suka kayar da shi wancan karon.

Yayana aka ba aikin haɗa lasifikar babban taronsa. Na ce masa, "Yaya, ka bar musu aikin nan mana."

Ya ce, "In na bari wa zai riƙe teburin? Wani za su kawo, wanda wayarsa ba ta lalacewa. Kuma kin san mutanen nan, in na ƙi, gobe ba ni da shago."

Na ƙyale shi, kuma har yau ina jin haushin hakan.

Ranar taron, da yamma, ya kafa lasifika takwas a filin. Onarabul na gab da hawa sai shugaban kamfen ya dafa kafaɗar yayana, yana murmushi. "Malam, waccan ta kan dogon ƙarfen, mai kallon gada, tana ƙara. Hau ka duba mana." Mutumin da ba ya jure jin ƙara a kayansa! Ko tunani bai yi ba ya hau. Yana kaiwa sama suka janye tsanin, shugaban ya ja kujera ya zauna a teburin yayana. Ashe sun daɗe da gano shi.

Ina cikin taron, da idona na gani. Onarabul ya ce mutanen tsallake ba 'yan gari ba ne, ƙwari ne suka shiga hatsi, kuma kowa ya san abin da ake yi wa ƙwari. Allah wadan wannan baki! Fili ya ɗauki ihu. Yayana yana maƙale a sama, hannu ɗaya a ƙarfe, yana ɗaga ɗayan yana roƙon a kashe, ba wanda ya ko kalle shi. Ya fizge wayar ta kusa da shi, ta mutu. Bakwai suka ci gaba tas, kowace a kan layinta, yadda ya haɗa su da hannunsa. Daga can saman ya ga samari sun ɗebi sanduna sun nufi gada. Onarabul kuwa tuni ya shige mota, an ɗaga gilashi.

Sai da filin ya watse ni da wani mai shayi muka samo tsanin.

Washegari Onarabul yana rediyo yana kira a zauna lafiya, wai an yi wa kalamansa mummunar fahimta. Mu kuma muna barandar asibiti. An ƙone shaguna sha ɗaya, telan Auta yana kwance a kan gadon asibitin an naɗe masa kai, likita ya ce a yi ta addu'a.

Auta ta fito ta zauna kusa da ubanta. Ba ta yi kuka ba, wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Baba, muna tsakar gida muka ji komai. Maƙwabta suka fara kwasar yara suna gudu. Mijina ya ce mu bi su, na ce masa a'a, kayan Baba ne, na san sautinsu. Na ce ya tsaya ya gani, yanzu wayar za ta lalace."



Ta ce, "Ni na tsayar da shi, Baba. Ina ta jira."