Ƙugiyar da Ta Kayar da Ni a Jarrabawa

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ni magidanci ne mai shekara arba'in da ɗoriya, da mata da 'ya'ya, kuma duk garin Azare ba a san ni da wata sana'a ba sai rubutun allo. Da buroshi da gwangwanin fenti na tashi. Allon shago, bangon makaranta, bayan motar kaya, in ka ga rubutu ya tsaya cak ba karkata, to akwai yiwuwar hannuna ne. Ba yabon kai ba, na iya. Sai ga injin buga tamfol ya shigo gari. Yaro ya zauna gaban kwamfuta, ya danna nan ya danna can, kafin ka gama haɗa fenti ya miƙa wa mutum allonsa da hoto da launi iri-iri. Masu ba ni aiki suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ana gaishe ni a hanya ana sunkuyar da kai, don an san an kai aikin wani wuri.

Yayana da ke noma a garin Yana shi ne ya fara gajiya da halin da nake ciki. Ya ce in tattara iyali in dawo gida, gona tana neman hannu, buroshi kuma ya mutu, in yi masa salla in binne. Na roƙe shi ya bar ni in shiga wata cibiyar koyar da sana'o'i in koyi zanen kwamfuta. Ya yarda da sharaɗi ɗaya: in na ci jarrabawar ƙarshe na samu takardar shaida, in zauna a Azare, in kuwa na faɗi, babu sauran magana, damina ta same ni a gona. Ba noman nake gudu ba, da shi aka ciyar da ni. Abin da nake tsoro shi ne in wayi gari ban da sauran hulɗa da haruffa, alhali su kaɗai na taɓa ƙwarewa a kansu.

Haka na zauna cikin sa'o'in 'ya'yana, suna kirana Baba mai fenti. Sun sha dariya ranar da na fara riƙe mawus, wannan ɗan abin da ake ja a kan tebur, don kamar buroshi na kama shi, ina ɗaga shi sama. Ban damu ba. Sannu a hankali hannun ya saba, har yaran suka koma zuwa wurina in duba musu tazarar haruffa.

Jarrabawar ƙarshe ba ta takarda ba ce. Cibiyar takan gayyato mutanen gari masu buƙatar aiki na gaske, a ba kowane ɗalibi mutum ɗaya, ka saurare shi, ka tsara masa abin da yake so, ka gama kafin la'asar. Mai duba aikin wata Hajiya ce da aka turo daga Bauchi, mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Tun da safe ta faɗa mana abin da za ta duba: tsari, launi, hoto, gamawa a kan lokaci, sannan ta nanata cewa kada wanda ya taɓa kalmomin mai aiki ba da izininsa ba, ko da harafi ɗaya ne.

Ni aka haɗa ni da wani dattijo daga Hardawa, maɗori, wato mai ɗorin karaya. Fari ne tas a gemu, maganarsa a hankali, yana zuwa Azare ranar kasuwa ya duba masu karaya a wata rumfa da aka ba shi aro. Allo yake so a rataya a bakin rumfar don baƙi su daina ɓata. Ba ya karanta boko, ajami kawai, don haka ɗansa ne ya rubuta kalmomin a waya ya turo wa cibiya. Na buɗe saƙon. An rubuta MAI GYARAN KASHI DA TARGADE. Irin rubutun waya ne da kowa ke yi yanzu, ba ƙugiya a kan ko wane harafi. Targaɗe ko ba ƙugiya za a gane. Amma ɗaya kalmar fa? Duk Bahaushe ya san ƙashi mai ƙugiya shi ne na jikin mutum, wanda ba ƙugiya kuwa abin da ake zagayawa bayan gida a yi ne.

Na nuna wa yaron da ke kusa da ni, ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce in bar shi haka, ai kowa zai gane abin da ake nufi. Ni kuwa na san mutanen garinmu. Za a gane, ƙwarai kuwa, kuma don an gane ɗin ne za a yi ta tsokana. 'Yan acaɓar da ke tsayawa a bakin kasuwa ba za su kwana ba su raɗa wa dattijon nan suna ba, kuma sunan zai bi shi har jikokinsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana miƙe ƙafafun jama'a, a ce ta hannuna zai zama abin dariya. Abin da ya kamata in yi a fili yake: dattijon yana zaune a kan benci a bakin ƙofa, in tashi in tambaye shi. Na miƙe har sau biyu ina komawa. Ta yaya zan tsuguna gaban sa'an mahaifina in furta masa wannan kalma, in kuma ce ɗansa ne ya rubuta? Kunya ta riƙe mini ƙafa. Na ce a raina bari in gyara shiru, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Nan wahalar ta fara. Salon haruffan da na zaɓa mai kauri ne, ana hango shi daga nesa, amma da na sa masa harafin mai ƙugiya sai ya fito da wani ɗan akwati fanko. Na gwada wani salon, akwati. Na sake gwada wani, haka. Sai tsohuwar sana'ata ta motsa. Na ƙara girman harafin har ya cika fuskar kwamfutar, na kama mawus na shiga zana ƙugiyar da hannu, ina lanƙwasa ta a hankali don kaurinta ya zo daidai da na sauran jikin harafin, kada ta zama kamar an liƙa. Na goge na sake, na goge na sake. Da ta zauna, na koma kan ta targaɗe na yi mata tata. Wallahi ban taɓa yin harafi mai kyan waɗannan biyun ba, ko da buroshi. Ina ɗaga kai na ji ana kiran sallar la'asar. Allon nawa ba hoto, ba ado a gefe, farin rubutu ne kawai a kan shuɗi, alhali na yaran sai walƙiya suke.

Hajiya ta daɗe tsaye a bayana. Ta duba saƙon da aka turo, ta duba aikina, ta tambaye ni ko na nemi izinin mai aiki kafin in canza. Na ce a'a. Ta ce ƙugiyar daidai ce, kuma ita ma da ta ga allon ba ƙugiya da ba za ta bari a buga ba. Amma ta ce jarrabawar ba ta ƙugiya kaɗai ba ce. Ban gama aiki ba, na kuma yanke hukunci a kan kalmomin mutum yana zaune ban tambaye shi ba, kuma wanda ya saba gyara shiru wata rana zai ɓata shiru. Ta ƙara da cewa akwai salon haruffa da ke zuwa da ƙugiyarsu, da na nema tun kafin ranar da ban ɓata yinina ba. Ta rubuta cewa ban ci ba. Na ji zafi, Edita, zafi sosai. A gaban yaran da ke kirana Baba aka karanta sunayen waɗanda suka ci, babu nawa, ni kuwa ba abin da nake gani sai fuskar yayana.

Duk da haka cibiyar ta buga wa kowane mai aiki allonsa, har da nawa. Da aka shimfiɗa wa dattijon, ya daɗe yana kallo, sai ya ɗora yatsa daidai kan ƙugiyar, ya tambaye ni wannan ɗan lanƙwasasshen abu fa, don ya ga akwai irin harafin a farkon wasu alluna amma ba su da shi. Abin da na guje wa tun safe ya zo ya same ni. Na tsuguna, na yi ta zagaye-zagaye, na ce Baba in babu shi kalmar takan koma wata, wadda ba a faɗa a gaban manya. Ya ɗan juya ta a bakinsa, sai ya fashe da dariya har yana share hawaye da bakin rawani. Da ya nutsu ya ce ashe ni ma maɗori ne, an kawo mini harafi a karye na ɗora shi. Ya kuma ce da na tambaye shi tun farko ai ba zai ci ni ba, shi da yake taɓa ƙafar sarki da ta talaka ba abin da kunnensa bai ji ba.

Da wannan maganar na tafi Yana. Na gaya wa yayana gaskiya cewa na faɗi, na ba shi labarin tun daga farko. Ya yi dariyarsa ya more, sannan ya ce alkawari alkawari ne, damina a gona za ta same ni. Na yi daminar kuwa, ban tsallake ko kunya ɗaya ba. Amma da aka gama girbi shi da kansa ya ce in koma in sake gwadawa, don ya lura ko a gona da tsinke nake rubutu a ƙasa. Na koma, na sake zama jarrabawar a gaban Hajiyar nan dai. A wannan karon kafin in taɓa kwamfuta sai da na karanta wa mai aikina kalmominsa da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, ya amince. Na gama da sauran lokaci, na ci. Yau ina da ɗan shagona, kuma masu kawo aiki da yawa cewa suke an turo su wurin mai sa ƙugiya.

Ina kira ga matasa masu wannan sana'a, ku daina raina haruffan harshenku don waya ta saba muku da rubutu ba ƙugiya. Abin da kuka buga a tamfol ba saƙon waya ba ne da za a goge, sunan mutum ne zai rataya a bainar jama'a shekara da shekaru. Kuma kada ku yi irin tawa, kunya ta hana ku tambaya. Ni ta ci mini takardar shaida da damina guda. Na yi nadamar shirun da na yi, amma ban taɓa nadamar ƙugiyar ba, ko a ranar da na faɗi.

Allon yana nan a bakin rumfar har yanzu, nakan bi ta wurin da gangan. Rana ta cinye shuɗin ya koma fari-fari, gefe ɗaya ya fara yagewa, na sha ce wa dattijon zan sake masa sabo kyauta yana ƙi. Duk wanda ya zo kasuwa da karaya ya tambaya, 'yan acaɓa sukan nuna masa rumfar su ce ga wurin Baba maɗori can. Ba su taɓa kiransa da wani suna ba.