Baba da baba

A gidanmu na Suleja mutum biyu muke kira Baba: mahaifinmu, da ƙanwarsa da ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta. A baki ba a ruɗewa. Nasa murya tashi take yi a ƙarshe, nata kuma sauka take. A rubuce ne suka zama abu guda.

Lokacin ina aiki a wani ofis a Abuja, ɓangaren kula da kwamfutoci, kullum ina bin motar safe in dawo da yamma. Ogana ne ya koya mini aiki da baƙin allo, wato wurin da ba hoto ba linzamin kwamfuta, sai dai ka rubuta wa na'ura umarni ta bi. Ka rubuta ls ta jero maka abin da ke cikin folda. Ka rubuta cd ta kai ka wata foldar, mkdir ta buɗe sabuwa, cp ta kwafa, mv ta ɗauke ta kai wani wuri. Ya sha gaya mini cewa na'urar nan ba ta tambayar ko ka tabbata, ba ta kuma cewa an gama. In ta yi shiru, ta yi abin da ka ce. Saboda haka in riƙa duba da ls kafin aiki da bayan aiki. Na ji, amma irin jin da ake yi wa oga.

Ni dai na samu abin yi wa mutane iyayi. Ko abin da danni biyu zai gama, sai na buɗe baƙin allo ina ƙwanƙwasa madannai don a gani.

Da ciwon Baba ya yi tsanani na fara ɗaukar muryarsa a waya. Ya ba da labarin gonarmu ta Iku, da iyakarta, da waɗanda suka noma ta kafin gidajen haya su cinye unguwar. Ita ma Baba ƙanwarsa ta ce ba za a bar ta a baya ba, na ɗauki nata labaran. Rana ta ƙarshe da muka yi ɗauka, ya ce yana da magana da Yaya, babbar 'yarsa, wadda ke aure a Kano, ga tsohon ciki, likita ya hana ta tafiya. Ya ce in ajiye wayar in fita. Na fita na zauna a zaure. Ban saurari abin ba daga baya, don ba nawa ba ne. Bayan mako biyu ya rasu.

Wayar ta cika, sai na kwashe komai da mv zuwa laftof ɗina. Na buɗe folda biyu. Ta mahaifinmu na sa mata Baba da babban baƙi, ta ƙanwarsa baba da ƙarami, don tsarin da ke kan laftof ɗin yana bambance su. Har daɗi na ji, wai na sa na'ura ta gane abin da sai kunnen Bahaushe. Fayilolin ciki kuwa lamba kawai na ba su, ɗaya, biyu, uku, a kowace folda.

Wata rana laftof ɗin ya fara rikici, na yanke shawarar goge shi in sake zuba masa tsari. Na soka filash, na kwafi Baba da cp, sannan na kwafi baba. Na'ura ta yi shiru duk sau biyun. Ina saurin kama mota kafin layi ya yi tsawo, ban yi ls ba. Washegari na goge laftof ɗin tas.

Abin da ban sani ba, shi filash ɗin ba ruwansa da babban baƙi ko ƙarami. A wurinsa suna ɗaya ne. Foldar ta biyu ta shige cikin ta farko, kowace lamba ta hau kan 'yar'uwarta.

Yaya ta zo bayan ta haihu ta yi arba'in. Ta ba da jaririn aka fita da shi, ta ja ƙofa, ta ce in sa mata maganar da mahaifinmu ya bar mata. Na soka filash ɗin, folda ɗaya na gani, amma ban kawo komai a raina ba. Na danna lamba ta biyar, wadda na san ita ce ta Yaya. Sai ga muryar Baba ƙanwarsa tana labarin yadda ake gyaran daddawa a zamaninsu. Na danna ta huɗu, ita ce. Ta uku, ita ce. A nan na gane. Na yi wa Yaya bayanin babban baƙi da ƙarami, ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba.

"Kai ka ji abin da ya ce?"

"A'a, Yaya. Fitar da ni ya yi."

Akwai fayil na shida. Na Baba ƙanwarsa biyar ne kawai, don haka ba abin da ya hau kansa. Ban ma san da shi sosai ba, gajere ne ƙwarai. Da alama wajen lalubar yadda zai kashe wayar mahaifinmu ya tsayar da ɗaukar, ya sake kunna ta. Na danna. Aka ji ƙarar gado, ya yi tari, sannan ya ɗaga murya yana kirana:

"Kai, zo ka kashe abin nan, na gama. Ka tabbata ta ji."

Na kai filash ɗin wurin masu gyara a kasuwa, na kai wa ogana, muka gwada duk abin da muka sani. Abin da aka rubuta wani a kansa ba ya dawowa.

Yaya ba ta zage ni ba, kuma na so a ce ta zaga. Ranar da za ta koma Kano, a tasha, ta miƙo mini wayarta ta tagar mota, ta ce in tura mata gajeren.