Baba Mainassara, Mai Sharar Kwarin Goriba

Shekara biyar cur, aikin Baba Mainassara ɗaya ne. Idan rana ta kusa faɗuwa, manoma da masu itace sun koma gida, sai ya saɓi reshen kaba ya gangara Kwarin Goriba. A wurare uku inda hanya ta ƙuntata yakan ja reshen bisa rairayi, yana tafiya da baya, har wurin ya yi sumul kamar yadda nake goge tablo bayan darasi. Washegari, da ya idar da sallar asuba haske ya ɗan fito, ya dawo ya tsuguna ya duba abin da ya taka wurin. In hankalinsa ya kwanta, ya hau tudu ya kafa doguwar gora mai farin ƙyalle a kai, wani yanki na tsohon rawaninsa. Iyaye mata a Zangon Bappa suna leƙowa ta kan danga. Da sun hango fari, su saki yara su tafi lakwal, wato makaranta.

Ni ne Alhassan, mushe, wato malamin lakwal ɗin Tsamiyar Kolo a ƙasar Dungas, kuma ni ne mutumin da ya fi kowa cin moriyar wannan shara, ko da yake ni na fara yi mata dariya. Bana, 1979, Baba ya ajiye reshensa. Ba za a kira shi Magariya a rataya masa lambar yabo ba, sunansa ba ya cikin takardar kowa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A 1974, bayan farin da ya cinye mana dabbobi, ɓarayi suka yi mana dirar mikiya. Da farko shanun da suka rage suke kora su tsallaka iyaka da su. Daga baya suka koma tare hanya, suka mai da Kwarin Goriba wurin laɓewarsu, don itatuwa sun yi duhu a wurin kuma duk mai zuwa kasuwar Dungas sai ya ratsa ta nan. Ta wannan kwarin ne yara arba'in da ɗaya na Zangon Bappa suke biyowa kullum zuwa kalas. Wata safiya yaran suka faɗa kan mutane huɗu masu rufe fuska. Aka tuɓe wa manyan riguna, aka fizge wa wata yarinya mai suna Hinda ƴan kunnenta har kunne ya tsage. Suka koma gida da gudu, jini a wuyanta.

Washegari na kira suna, cikin yara sittin da uku, ashirin da biyu suka amsa. Haka mako ya wuce, wata ya wuce. Jandarmomi sun zo sau biyu, sun yi iya ƙoƙarinsu, amma mota ɗaya ce gare su ga ƙasa mai faɗi, kuma ɓarawo yana jin ƙugin mota tun daga nesa. Da mai duba lakwal-lakwal ya zo daga Magariya ya ga bencina babu kowa, ya faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana: in yara ba su dawo ba kafin ƙarshen shekara, za a rufe, a kai ni wani gari.

Na hau kekena na zagaya ta doguwar hanya na tafi Zangon Bappa da wa'azina a baki. Na yi bayanin amfanin ilimi har miyauna ya bushe. Inna Huraira, uwar Hinda, ta bari na gama tsaf, sannan ta jawo ɗiyarta ta juya mini kunnen.

"Mushe, ka ga wannan? Yau kunne ne. Gobe in wuya ne, kai za ka haifa mini wata?"

Ina cikin tattara kunyata sai wani tsoho siriri da ke zaune gefe yana gyaran igiya ya ɗago kai. An ce mini Baba Mainassara ke nan, mai bin sawu ne, tun yana saurayi shi ake kira in saniya ta ɓace.

"Mushe, ni ban iya riƙe bindiga ba. Amma mutum huɗu ba su shiga kwari ta sama. In na share musu hanya da marece, da safe zan gaya muku ko suna ciki."

Wallahi dariya ta kusa kuɓuce mini. Na yi shekaru a Damagaram ina karatu, na rubuta wasiƙa uku da Faransanci mai kyau ba su yi komai ba, yanzu tsintsiya ce za ta buɗe mini lakwal? Na ce masa to, irin "to" ɗin da ake ce wa tsoho don a rabu lafiya.

Amma matan Zango sun san shi, ni ne baƙo. Ranar farko da fari ya tashi, yara tara suka zo. Mako na biyu, ashirin. Ranar da ƙyalle bai tashi ba, ba wanda ya fito, kuma sau uku a wannan rani labari ya biyo baya cewa an tare mutane a kwarin. Daga nan ba a ƙara gardama ba. Hinda ce ta ƙarshen dawowa, uwarta ta rako ta har ƙofar kalas, ta kalle ni ta ce, "Ba don kai ba ne, Mushe, don Mainassara ne." Na karɓa, don gaskiya ta faɗa.

Kai ne, Baba, kake gangarawa kai kaɗai wurin da samari majiya ƙarfi suke tsoron ratsawa su biyar. Ba ka da ɗa ko jika a kalas ɗina. Abin da ka samu a ciki bai wuce ƙwaryar fura da matan Zango kan aiko maka ba. Ɓarayin sun taɓa aiko maka da saƙo cewa tsoho mai yawan duba ƙasa yana neman ya shige ta. Ka ce wa ɗan aiken ka ji, ka ɗauki reshenka ka tafi.

Ranar da ba zan manta ba tana cikin watan Yuni na 1975, ruwa bai sauka ba tukuna. Yara bakwai na Zango, har da Hinda, za su zauna jarrabawar sartifika, kuma kamiyon, wato babbar motar da za ta kwashe su, zai tashi daga gaban lakwal da hantsi, ba ya jiran kowa. Wanda ya rasa shi ya rasa shekara, kuma na san waɗansunsu ba za a sake ba su wata shekarar ba. Don haka na kwana a Zango in taho da su da kaina. Da safe muka yi shiri, muka zuba ido kan tudu. Babu fari. Muka jira, babu. Raina ya ɓaci, na bar yaran na nufi bakin kwari, na iske Baba tsugune gaban sharar farko.

"Baba, me ka gani?"

"Ban ga komai ba."

"To alhamdulillahi! Ɗaga ƙyalle mana, lokaci yana tafiya."

"Mushe, rage murya. Duƙo nan."

Na duƙa. Rairayi sumul, ko ɗigo babu. Na ce masa ai ga shi nan, tsaf.

"Shi ne ya dame ni. Tun jiya da marece na share. A ce har gari ya waye buzuzu bai ratsa ba, ɓera bai ratsa ba, kurciya ba ta sauka ba? Kullum sai na iske nasu. Kuma dubi layin. Kaba tana barin tsaga mai faɗi. Wannan ganyen sabara ne. Wani ya yi mini shara bayan tawa, kuma bai daɗe da yi ba."

Sun gane dabararsa ke nan, sun shiga sun goge sawunsu. Amma ni a lokacin agogo kawai nake gani. Na ce masa zato ne, na ce makomar yara bakwai ba za ta lalace saboda buzuzu ba. Allah ya yafe mini, har na ce masa tsufa ne ya fara taɓa shi. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Yaran naka ne a kalas. A hanya nawa ne. Ta gonaki za mu bi."

Hanyar gonaki ta ninka ta kwari sau uku. Muka bi shi, tsoho a gaba yana sassarfa, yara a tsakiya, ni a baya ina tura keke cikin yashi ina ƙunƙuni. Ƙaya ta tsinke wa Hinda takalmi, ta cire ɗayan ta riƙe a hannu ta ci gaba. Da muka ɓullo bayan lakwal, kamiyo ya riga ya tashi, ƙurarsa muke hangowa. Na jefar da keke na bi shi da gudu ina ihu kamar mahaukaci, har yaran da ke bayan motar suka buga wa direba ya tsaya. Na cusa su ciki, ni ma na haye, ban ko waiwayi Baba ba, don haushinsa nake ji.

Sai da muka dawo bayan kwana biyu na ji. A wannan hantsin, fatake shida masu zuwa kasuwar Dungas sun shiga kwarin. An ƙwace musu jakuna da kaya, an sari ɗaya a kafaɗa, har yau hannun bai koma daidai ba. Na tafi gidan Baba na durƙusa in ba shi haƙuri. Ya ce, "Mushe, yaran sun rubuta?" Na ce sun rubuta. Ya ce, "To tashi, ka ɓata wando." Biyar cikin bakwai suka ci, kuma ba a rufe lakwal ba. Yau in na kira suna, yara tamanin da huɗu ke amsawa.

A farkon bana ya iske ni bayan an tashi, gorar a hannunsa.

"Mushe, yau na duƙa, ƙasa ta zame mini hazo. Yanar ido ta rufe mini gani. Ba zan ɗaga fari a kan abin da ban gani ba."

Da wani ne, da ya ci gaba da ɗagawa don kada a ce ya gaza, tunda kwarin ya yi sauƙi yanzu. Shi ya gwammace a ce ya tsufa da a saki yaro ɗaya bisa zato. Ashe kuma tun bara yake jan mutum biyu zuwa bakin shara yana nuna musu: Mamadu manomi, da Inna Huraira da kanta. Su ke karɓa-karɓa yanzu.

Baba Mainassara, mai ido a ƙasa, mun gode. Na gode a madadin kowane yaro da ya amsa sunansa a kalas ɗina, na kuma gode da ba ka saurare ni ba ranar da na fi kowa ɗaga murya. Allah ya saka maka da alheri, ya haskaka maka kamar yadda ka haskaka mana hanya. Ku kuma masu karatu, kowane gari yana da nasa kwarin da ke hana yara zuwa lakwal. Kada ku zauna jiran mota daga Magariya. Ku duba abin da hannunku ya iya, ko reshen kaba ne, ku ɗauka.

Hinda tana Damagaram yanzu, za ta zama malamar lakwal. Da ta zo hutu kwanan baya, ta kama masa sanda da sassafe ta gangara da shi kwari, ina biye da su. Ta tsuguna gaban sharar, shi yana tsaye yana jira.

"Me kika gani, ɗiyata?"

"Buzuzu biyu, Baba. Ɓera ɗaya. Ga kurciya ta sauka ta tashi."

"Layin fa?"

"Na kaba ne."

Ya miƙa mata gorar.

"To hau ki ɗaga, yara suna jira."