Rokar Baffa a Camberwell

Jiya na ji a rediyo an ɗage harba wata roka zuwa sararin samaniya saboda iska, sai raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru. Baffana na tuna, yayan Baba, mutumin da har ya koma ga Allah ban iya yi masa fara'a ba.

Ina 'yar shekara tara muna haya a ƙasan wani gida a unguwar Camberwell, can ƙasar Turawa. Gwamnati ce ta turo Baba karatun hasashen yanayi, lokacin da kuɗin mai ya buɗe wa kowa ido. Kafin mu sami gidan nan ƙofa nawa aka rufe mana, don dai fatarmu baƙa ce. Wata tsohuwar Baturiya ce ta karɓe mu. Tana zaune a sama, ba ta da kowa sai tantabarun da mijinta ya mutu ya bari a wani akurkin katako a bayan gida.

Sai ga Baffa daga Kano, kwangila ta karɓe shi, yana tafe yana hura hanci. Zuwansa ya dace da farkon sanyi, ranar da Turawa ke wasan wuta. Ya ga 'ya'yan maƙwabta da ƙananan rokoki, ya je ya sayo wadda ta fi ta kowa, tsawonta ya kai ƙuguna. Bayan magariba ya tara abokan Baba a bayan gida, ya kafa ta cikin kwalbar madara.

Baba ya daɗe yana kallon hayaƙin da ke fita ta saman gidaje, iska tana kwantar da shi wajen akurkin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, iskar ta juya. Da mun bari sai gobe."

Baffa ya yi dariya, ya tambayi mutane ko sun taɓa jin Turawan da suka je duniyar wata sun zauna jiran iska. Baba ya san suna jira, aikinsa ne ma. Amma a gidanmu ƙane ba ya maimaita wa yayansa magana a gaban jama'a. Baffa ya ƙyasta ashana.

Rokar ba ta ko wuce rufin gida ba, iska ta kwashe ta ta cusa cikin akurkin. Katakon busasshe ne. Har yanzu ina jin ƙaurin gashin tsuntsayen nan, ina ganin tsohuwar tsaye da bokiti ta kasa ko kuka. Da ta tambayi wanda ya yi, Baba ya ce shi ne.

Mako biyu ta ba mu mu tashi daga gidan. Muka ƙare a ɗaki ɗaya mai danshi, Umma da tsohon ciki, tana tari har bazara. Baffa kuwa ya hau jirgi, ya mai da abin labarin ban dariya a zaure, wai ya gasa wa Baturiya tantabaru. Bai taɓa ba da haƙuri ba, Baba kuma bai taɓa nema ba. Wannan shirun na Baba, shi ma na daɗe ban yafe ba.

Yanzu 'ya'yana a Dagenham suna gyara mini magana a gaban baƙi, da Turanci ma. 'Yan'uwa na cewa na sangarta su. Abin yana yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, amma nakan danne in ce wa yaron ya sake faɗa, in ji da kyau.