Hanyar ruwan Malam Sani

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Malam Sani na Mabai. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Da aka raba gadon mahaifinmu, fadamarmu ta kasu uku. Shi namiji ya ɗauki kashi biyu, na sama, inda rijiya take. Ni aka ba ni na gangare, ba ko ɗigo. Shari'a ce, ban ja ba. Amma na shekara talatin ina kallon rijiyar nan da ido guda. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na zuba wa lambun Sani taki ba kaɗan ba.

Shi da kansa ya haƙa wata 'yar hanyar ruwa daga bakin rijiya zuwa fangalin albasata. Kowace safiya sai ya fara sakar mini ruwa kafin ya shayar da nasa. Duk Mabai ana cewa Malam Sani mutumin kirki ne, har a kasuwar 'Yankara na ji ana faɗi. Wannan yabon ya fi rijiyar ci mini rai. Shi ke da ruwa, shi ke da lada, ni ke da karɓa. Ban taɓa ce masa na gode ba.

Sau ɗaya mai unguwa ya ce mu rubuta maganar ruwan nan a takarda. Sani ya yi dariya ya ce, "Yaya, ni da ke takarda? Nono guda muka sha." Ni ma na ƙi, don kada a rubuta cewa alfarma ake mini. Kuskurenmu ke nan, nawa ya fi nasa.

Bayan rasuwarsa ruwan bai yanke ba, sai bara ma'aikata suka zo da doka: wanda zai ja ruwa da inji sai da rajista, kuma izinin yana bin filin da rijiya take. Ɗan Sani, Alhaji Nura, ya yi rajista, ya kafa inji, ya shimfiɗa bututu. Tumatirinsa kore shar har bakin iyakata. Irin albasata ya ƙone a fangali, kuma da albasar nan nake ci tun rasuwar maigidana.

Na same shi na ce, "Alhaji, ina ruwana?"

Ya ce, "Gwaggo, ba ni na hana ba. Filinki ba ya cikin takarda."

"Ubanka da wace takarda ya shayar da ni?"

Ya sunkuyar da kai. Har yau ban ga ruwan rijiyar ba.

Da Sani zai leƙo, ban san wa zai fara yi wa faɗa ba, ɗansa ko ni. Ina jin fartanya kawai zai ɗauka. Ya tafi kafin zamanin da ake tambayar ƙishirwa shaidarta, har wannan ma ya riga ni samu.

Hanyar da ya haƙa ta cike da ƙasa, ciyawa ta rufe ta. Amma da ruwan farko ya sauka bana, na tsaya ina kallo: ya baro lambun Nura, ya bi tsohon sawun nan, ya shigo fangalina. Ruwa ma bai yi boko ba. Na gode, Sani. Allah ya jiƙanka.